Noti Ɗaya Ya Rage

Cikin akwatunan katako goma sha ɗaya ta iso,
ranar Talata, ruwa na tsiyaya a Todmorden.
Na sa hannu na karɓi motar da ba mota ba:
ƙashin ƙarfe, fatar alminiyan,
da littafin umarni mai kaurin bulo
wanda ya rantse wata shida sun isa.
Shekara huɗu ke nan. Littafin ko kunya bai ji ba.

Injin na tsohuwar motar Glenys ne,
wadda tsatsa ta cinye wa ƙofofi, ta bar zuciyar garau.
Glenys ta tsaya bakin gareji da kofin shayi
tana kallo ina zare hanjin
abin da ya kai 'ya'yanmu makaranta shekara tara.
Ta ce, "In ka gama, ka dawo mini da teburin guga."
Har yau akwatin giya ne kwance a kansa.

Tsallaken katanga, Neville Ackroyd na haɗa tasa.
Doguwar hanci, faffaɗar ƙugu,
shuɗiya da ratsin fari biyu daga goshi har wutsiya,
kamar waɗanda muka gani a mujalla muna yara,
aljihu ba ko sisi.
In ya tayar da ita, tagogin layinmu sai sun yi rawa,
kare ya shige ƙarƙashin gado.
Tawa kuwa, in ji shi, fara ce mai taya.

Na ce masa, "Taka shan fetur take kamar rami.
Tawa, ni da jikata mun ɗaga bayanta da hannu."
Ya ce, "Abin da yaro ya ɗaga, iska ma za ta ɗaga."
Na ce, "Ba girin-girin ba, ta yi mai."
Sai ya ari sufanata mai lamba goma sha uku,
wadda ita ce tasa da na ara bara.

Hunturu uku yatsuna suka daskare a kan ƙarfe.
Na ɗaura burki a baibai, na kwance.
Na bi waya ja har ta zama ruwan ƙasa a bayan sitiyari,
na zauna a kan bokiti na yi shiru.
Akwai daren da na zage ta da sunan da ban taɓa kiran kowa ba,
da safe na goge mata fitila da hannun rigata.

Mai duba lafiyar mota ya mayar da mu tare:
ni saboda kaifin gefen madubi,
Neville saboda ƙarar salansa.
Muka dawo a bas, kujera ɗaya, ba mai cewa uffan.

Ranar da takarda ta fito, muka hau tudun bayan gari.
Ba rufi, ba gilashin kirki, yayyafi na marin fuska.
A miƙaƙƙiyar hanya ya wuce ni kamar ina tsaye.
A kwana ta uku na same shi yana kokawa da nauyinta,
na ratsa ta ciki, tumaki na kallo.
A can ƙoli muka kashe inji.
Ƙarfe mai zafi na ƙas-ƙas, yana hucewa.
Ya ce, "Wa ya ci?"
Na ce, "Zuba shayin."

Glenys ta shiga sau ɗaya, da gyale ɗaure a haɓa.
Da na murza makulli ta karkata kunne,
ta ce, "Muryarta ba ta canza ba."

Yanzu gareji fayau, akwatunan sun zama itacen murhu.
Amma noti ɗaya ya rage a gwangwanin biskit.
Na duba littafin shafi-shafi, ban ga gurbinsa ba.
Neville ya ce nasa ne.
Ban ba shi ba.
Yana aljihuna duk inda muka nufa,
ko wata rana motar za ta tambaya.